Rijiyarmu ta dame bayan ruwan sama: in juye mata bilic ko yaya zan yi?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar ruwa. Gidanmu a karkara yake, babu famfo, rijiyar tsakar gida ita ce ta sha, ita ce ta wanki da wanka. Shekara tara ke nan da haƙa ta, ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba. Makon jiya aka tafka ruwa kwana biyu a jere, da safe na jefa guga sai ga ruwa ya fito jawur kamar an dama ƙasa a ciki, har da ɗan wari. Bayan kwana uku ya kwanta ya koma garau, muka ci gaba da sha. Yanzu yara biyu suna gudawa, ƙaramar har da amai. Maƙwabcina ya ce in sayi bilicin wanki in juye kwalba guda a ciki, in riƙa yin haka duk wata, shi ke nan an gama. Uwargida ta ce ita kam ba za ta shayar da 'ya'yanta bilic ba. Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Kuma in ba bilic ba, me ake yi wa rijiya?

Anti_Nas:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, ka ajiye zancen rijiya tukuna, ka fara da yarinyar. Amai da gudawa a jikin ƙaramin yaro ba abin jira ba ne. A haɗa mata ruwan gishiri da sukari na fakiti da tafasasshen ruwa, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan ko tana amai, a kai ta asibiti yau. In ka ga idonta ya faɗa, ko ta daina fitsari, ko ta yi laushi ba ta iya sha, ko dare ne kada ka bari gari ya waye. Daga yanzu kuma duk ruwan da zai shiga bakin kowa a gidan a tafasa shi, ya yi tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya cur.

Baban_Hanifa:
Na gode Anti. Mun je da safe, an ba su magani, ƙaramar ta fara karɓar abin sha. Tafasawar ma an fara tun jiya.

Tsohon_Mahaƙi:
Allah Ya ba su lafiya. Yaro, ni na yi shekaru ina haƙa rijiya ina yasarta kafin gwiwa ta hana ni. Ka amsa mini waɗannan. Taku nawa ne tsakanin rijiyar da masai? Bakinta ya tashi daga ƙasa ko daidai yake da tsakar gida? Akwai daɓen siminti kewaye da ita, kuma ya tsage ko lafiyarsa ƙalau? An jera kwalbati har ƙasa ko na sama kawai aka sa? Tana da murfi?

Abin da ya sa na tambaya, rijiyar kirki ba ta sanin an yi ruwan sama ran da aka yi shi. Sai bayan kwanaki ko makonni za ka ga ruwanta ya ƙaru, kuma garau zai ƙaru, domin ƙasa ta tace shi a hanya. Wadda ta dame washegarin ruwa, to ta sama aka shigo mata. Ruwa ba ya tsami banza.

Baban_Hanifa:
Baba, masanmu yana can ƙarshen gida, zai yi taku talatin da wani abu. Bakin rijiyar bai kai gwiwa ba. Daɓen kam ya tsage ta gefe guda, har ciyawa ta fito a tsagar, akwai ma ramin ɓera a wurin. Kwalbati uku ne a sama, sauran ƙasa ce zalla. Murfin wani tsohon kwanon rufi ne muke ɗorawa mu danne da dutse.

Tsohon_Mahaƙi:
To ka ba kanka amsa. Ramin ɓeran nan famfo ne da ke kai wa rijiyarka duk abin da ruwa ya wanko daga tsakar gida, kashin kaji, na awaki, har da na yara in akwai. Ko gangar bilic ka juye, ruwa na gaba zai mayar da kai inda ka fito.

Injiniya_Sale:
Baba ya faɗi rabin abin da zan ce. Bari in yi bayanin bilic ɗin, domin maƙwabcinka da uwargida kowa yana da tasa gaskiyar.

Bilicin wanki kulorin ne, irin wanda hukumomin ruwa suke sawa a ruwan famfo, ƙarfinsa ne ya bambanta. Ana zuba shi a rijiya, amma wanka ne ake yi mata na lokaci ɗaya: bayan ambaliya, bayan an yashe ta, bayan wata dabba ta faɗa ta mutu, ko bayan gyara. Ba ruwan sha ake haɗawa a cikin rijiyar ba. Kulorin ba ya zama. Laka da ganye suna cinye shi, ku kuna ɗiba, sabon ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙasa. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya tafi. Ke nan wanda yake zubawa duk wata, kwana biyu ruwansa ya yi ƙarfin da ba ya shawuwa, kwana ashirin da takwas kuma ba shi da kariya ko kaɗan.

Yadda ake wankan: ka fara gyara inda Baba ya nuna. A yashe laka. Sai ka auna ruwan da ke ciki. Rijiya mai faɗin mita 1, kowace mita ta zurfin ruwa tana ɗauke da lita 785. In ruwanka ya kai mita 3, kana da kusan lita 2,350. Ana so kulorin ya kai aƙalla miligiram 50 a kowace lita, wato lita 1 ta bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ga kowace lita 1,000 ta ruwa. Ka duba jikin kwalbar, in kashi 3.5 aka rubuta sai ka ƙara kusan rabin hakan. A tsarma shi a bokiti, a watsa a bangon rijiyar, a jefa guga ana ɗagawa ana saukewa ya gauraya, igiyar ma ta sha. A rufe awa 12 zuwa 24, kada kowa ya taɓa. Sannan a kwashe ruwan har warin ya tafi. Kada a zubar da shi a gindin shuka ko inda ake kiwon kifi.

Bilic ɗin kuma ya zama zalla, wanda ba a haɗa shi da turare ko sabulu ba. Kada a kuskura a gauraya shi da ruwan wanke masai mai asid, iskar da ke tashi tana iya kayar da mutum.

kwaɗon_rijiya:
Ni dai tambayata, mu mazauna ciki ina za mu koma na awa 24 ɗin?

Maman_Sadik:
Kai dai ba ka rabo da shirme. In ma akwai irinka a ciki ai shaida ce murfin ba ya aiki.

Ɗan_Jiya:
Ni fa wannan lissafin ya ishe ni. Kakanninmu rijiya suka sha har suka yi shekara casa'in, babu miligiram babu lita. In ruwa ya dame ka jefa masa alif, ya kwanta, ka sha abinka. Ruwan da ya yi garau, ba wari ba ɗanɗano, me kuma ake nema a jikinsa? Wannan tsoratarwar ce take sa mutane sayen abin da ba su buƙata.

Malama_Rabi:
Malam Ɗan Jiya, waɗanda suka kai casa'in su ka gani. Ka tambayi tsofaffin mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka rayu.

Zancen garau kuwa, akwai labarin da nake ba ɗalibaina duk shekara. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, ta kashe ɗaruruwan mutane cikin 'yan kwanaki. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗibar ruwa, ya gano yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya suke sha a titin Broad. Ruwan nan mutane yabon daɗinsa suke yi. Akwai wata dattijuwa da ta bar unguwar ta koma nesa, amma kullum sai an kai mata shi a kwalba saboda ta fi son ɗanɗanonsa, ita ma cutar ta kashe ta. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da ramin ƙazanta dab da rijiyar yana tsiyaya a ciki. Ido da harshe ba su ga komai ba.

Injiniya_Sale:
Alif yana da amfaninsa, kada a raina shi. Yana tattara laka ta dunƙule ta kwanta, kuma tana tafiya da wani kaso na ƙwayoyin cuta. Amma ba ya kashe su. Aikinsa share fage ne, domin kulorin ba ya kama ruwa mai dauɗa da kyau. Kuma a bokiti ake sa shi, ba a cikin rijiya ba.

Ɗan_Jiya:
To na ji. Amma ni shekara arba'in ina sha, ban ga komai ba.

Anti_Nas:
Cikinka ya saba, Malam. Jaririn wata takwas bai saba ba. Baƙon da ya zo maka kwana biyu ma bai saba ba.

Maman_Sadik:
Bari in kawo wani ɓangaren da ba a taɓo ba. Mu mun sha wannan wahalar. Aka gyara rijiya tsaf, aka ɗaga bakinta, aka yi murfin ƙarfe mai kwaɗo, aka yi mata wankan kulorin ɗin nan. Yara ba su daina ciwon ciki ba. Maigida har ya fara cewa a haƙa sabuwa. Wata rana ina zaune ina kallo, Sadik ya dawo daga wasa, hannu duk ƙasa, ya ɗauki moɗa daga ƙasa inda ƙanwarsa ta yar, ya zurma ta cikin randa har gwiwar hannu, ya sha, ya mayar da ragowar ciki. Na ce yau ga ɓarawon. Na leƙa gindin randar na shafa da yatsa, santsi kamar an shafa sabulu. Gugan ma a ƙasa yake kwana, kaji suna hawa kansa.

Tun daga ranar na sayi bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi, ruwan sha a nan kawai yake. Guga da igiya aka kafa musu ƙusa a bango. Ban ce shi kaɗai ne maganin ba, amma wallahi mun ga bambanci. Ruwa yakan fito lafiya daga rijiya ya lalace tsakanin bakinta da bakin yaro.

Baban_Hanifa:
Maman Sadik, kamar kin leƙo gidanmu. Gugan namu yanzu haka yana yashe kusa da turken awaki.

Abu_Fadila:
Injiniya, to in ba a rijiya za a zuba ba, nawa ake sawa a jarka? Na taɓa karantawa ɗigo biyu a kowace lita.

Injiniya_Sale:
Ɗigo biyu a lita ma'aunin gaggawa ne, kuma ya ɗan yi sama. A jarka mai lita 20 zai kai kusan miligiram 5 a lita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Ba zai cutar ba, amma yara za su ƙi sha saboda wari, su koma wa ɗanyen ruwa, an yi ba a yi ba. Na kullum, in ruwan garau ne, mililita 1 ta bilic mai kashi 3.5 zuwa 5 ta ishi lita 20. Ka samu sabon sirinji marar allura ka riƙa aunawa da shi. In ruwan da ɗan duhu ka ninka. Ka girgiza, ka rufe, ka jira minti 30. In ka buɗe ka ji ɗan ƙamshin kulorin sama-sama, ya yi. In ba ka ji komai ba, ko dauɗa ta cinye shi ko bilicin ya tsufa, domin zafi da hasken rana suna kashe masa ƙarfi. Wanda ba ya son aune-aune ya nemi ƙwayoyin tsaftace ruwa irin su Aquatabs, ya bi abin da aka rubuta a fakitin, don girmansu ya bambanta.

Abu ɗaya da zan ƙara: akwai ƙwayar cuta mai suna Cryptosporidium, tana yawan fitowa daga kashin 'yan maruƙa, kulorin ba ya iya mata a wannan ma'aunin. Tafasawa tana kashe ta, matacin kirki yana tare ta. Gidan da ke da garke kusa ya san da wannan.

Hajiya_Uwani:
Tafasawa tafasawa, kowa sai ya ce a tafasa. Gida mai mutum goma sha huɗu fa? Itacen da zai tafasa ruwan shan mutum goma sha huɗu kullum, wa zai ɗauko shi? Ga shi kafin ya huce yara sun gaji da jira. Ni robobi nake jerawa a rana. Robar ruwa mai haske, wadda aka sa wa lamba 1 a gindi, wadda ba ta wuce lita biyu ba. In cika da tataccen ruwa, in kwantar da su a kan kwanon rufi tun safe, awa shida a rana mai ƙarfi. In gari ya lumshe da hadari sai su kwana biyu. Daga robar ake sha kai tsaye, babu juyawa a wani abu.

Malama_Rabi:
Hanyar Hajiya sananniya ce, hasken rana ne yake kashe ƙwayoyin, zafin kwanon yana taimakawa. Sharaɗin shi ne ruwan ya zama garau kuma robar ba ta dushe da karce ba. Matsalarta ɗaya, lokacin da aka fi buƙatarta, wato tsakiyar damina, shi ne lokacin da rana take wasan ɓuya.

Bature_Baƙi:
Duk wannan wahalar ta mene ce? Ku haɗa kuɗi ku haƙa burtsatse ku huta. Ruwan da ya fito daga mita sittin babu abin da ya same shi.

Injiniya_Sale:
Ta fuskar ƙwayoyin cuta burtsatse ta fi, in an toshe kewayen bututun da siminti yadda ya kamata. In ba a toshe ba, ruwan sama yana bin jikin bututun ya gangara, ka sayi matsalar Baban Hanifa da tsada ke nan. Amma “babu abin da ya same shi” kuskure ne. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin bututu tun daga shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa. Aka samu sauƙin gudawar. Sai a 1993 aka tabbatar da cewa da yawa daga cikinsu suna ɗauke da gubar arsenik, daga ƙasar kanta take fitowa, ba launi ba wari. Mutane sun yi shekaru suna sha kafin tabo ya fara fito musu a tafin hannu da ƙafa. Har ta kai ana bi ana shafa wa famfunan fenti, ja ga mai guba, kore ga mai lafiya. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa arsenik maikurogiram 10 ce a lita. Tafasawa ba ta cire shi, bilic ma haka.

Ummu_Aiman:
Wannan ya tuna mini. A inda muka taɓa zama, yaran da aka haifa a wurin kusan duk haƙoransu da ratsin ruwan ƙasa, ko an goge ba ya fita. Ana ta cewa rashin wanke baki ne. Ashe ruwan ne.

Anti_Nas:
Fuloraid ke nan, wani sinadari da ruwa ke ɗaukowa daga ƙasa, in ya yi yawa, sama da miligiram 1.5 a lita. Kaɗan ɗinsa yana ƙarfafa haƙori, mai yawa yana ɓata shi, in ya yi tsanani har ƙashi yake taɓawa. Tun haƙori yana cikin dasashi abin yake kama shi, shi ya sa wanda ya zo wurin da girmansa ba ya samu.

Tunda an shigo nan, bari in ja kunnen masu jarirai. Rijiyar da ke kusa da gonar da ake zuba wa takin zamani, ko kusa da garke ko masai, tana iya tara naitiret, wani sinadari da ke fitowa daga taki da kashi. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Babba ba ya jin komai, amma jaririn da bai kai wata shida ba in ana dama masa madarar gwangwani da wannan ruwan, jininsa yakan kasa ɗaukar iska, leɓensa da farcensa su yi shuɗi-shuɗi. A nan tafasawa ƙara ta'azzara abin take yi, domin ruwa ne yake tashi ya bar naitiret ɗin a tukunya. Na ga Baban Hanifa bai ce suna da jariri ba, amma wani mai karatu yana da shi.

Abu_Fadila:
To yanzu an rikita mu. A tafasa, kada a tafasa. Mutum ya yi yaya?

Injiniya_Sale:
Ya kai ruwansa a gwada. Ba ka maganin abin da ba ka sani ba. Aƙalla sau ɗaya a shekara a duba ƙwayoyin cuta da naitiret, an fi so a lokacin damina, da kuma duk sanda launi ko ɗanɗano ya sauya. Ƙa'idar ita ce kada a samu E. coli, ƙwayar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100. Su arsenik da fuloraid ba sa saurin sauyawa, gwaji ɗaya zai daɗe yana amfani. Ka karɓo kwalbar ɗakin gwajin, kada ka ɗauraye ta, kada yatsa ya taɓa bakinta, ka sa ta a sanyi ka kai a ranar. Wanda ya yi nisa da ɗakin gwaji, akwai 'yan kwalabe da ake cikawa a ajiye kwana ɗaya zuwa biyu, in ruwan ya koma baƙi alama ce ta ƙazanta. Ba su kai gwajin gaske ba, amma sun fi hasashe.

Bature_Baƙi:
Tamu burtsatsen ruwanta garau yake fitowa, amma in ya kwana a bokiti sai ya yi ja, fararen kaya duk sun lalace. Shi ma gubar ce?

Tsohon_Mahaƙi:
Wannan ƙarfe ne, ɗana, tsatsar ƙasa. A can ƙasa a narke yake, in ya sha iska sai ya fito. Ba ya kisa, ɓata kaya da ɗanɗano kawai yake yi. Ka sa ruwan ya riƙa zubowa cikin tanki ta rariya kamar ruwan wanka, ya sha iska, ya kwana, ka ɗebi na sama, ko ka bi da shi ta yashi. Kai da ka ce babu abin da ya same shi.

kwaɗon_rijiya:
Baba ya rama wa rijiya.

Tsohon_Mahaƙi:
Bari in faɗi wadda ta fi duk waɗannan muhimmanci a wurina, tunda Injiniya ya ce a yashe. Baban Hanifa, kada ka shiga rijiyar nan da kanka, kada ka tura yaro. Akwai iskar da take taruwa a gindin rijiya, ba a ganinta ba a jin warinta. Mu kafin mu sauka sai mun zura fitila da igiya, in ta mutu ba mai shiga sai an yi ta kaɗa iska da ganye ko buhu. Fitilar ma ba kowace muguwar iska take nunawa ba. Mai sauka da igiya a ƙugu, mutum biyu ƙarfafa a sama. Kuma kada a sauke injin jan ruwa mai fetur cikin rami ko a ajiye shi a baki hayaƙin yana gangarawa. Na taɓa zuwa ciro mutum biyu daga rami ɗaya, na biyun ya shiga ceton na farko ne. Ba na son tuna ranar. Bayan an zuba kulorin kuwa ba a shiga sam.

Hajiya_Uwani:
Innalillahi. Allah Ya jiƙansu.

Ummu_Aiman:
Amin. Ina masu matacin yashi? Ƙanwata tana da shi, dogon bokiti ne da tsakuwa a ƙasa da lallausan yashi a sama, ruwa yana fita ta bututu. Ta ce ba a barin yashin ya bushe.

Malama_Rabi:
Gaskiyarta. Wani ɗan santsi ne yake tsirowa a saman yashin, ƙananan halittu ne da suke cinye ƙwayoyin cuta, kuma yakan ɗauki kusan wata guda kafin ya kankama. In ya bushe ko aka zuba masa ruwa mai bilic, ya mutu, sai a sake jira. Shi ya sa kulorin bayan tacewa ake sa shi, ba kafin ba. Yana rage ƙwayoyin sosai amma ba ya ƙarar da su. Garin 'ya'yan zogale ma yana kwantar da laka kamar alif, sai dai ruwan ba ya son ajiya, a ranar ake amfani da shi.

Ɗan_Jiya:
Kun ga, zogale da yashi da rana. Ashe dai kun dawo wurin kakannin nawa.

Maman_Sadik:
Kakanninka ba su da masai goma a kewaye da rijiya ɗaya, Malam. Fili gare su.

Baban_Hanifa:
Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana goma sha shida. Yara sun warware, alhamdu lillahi. Na samo masu yasa, sun zura fitila kamar yadda Baba ya ce, sun fito da laka bokiti ashirin da ɗaya, da takalmin Hanifa da muka nema bara, da wani abu da ban so in san ko mene ne ba. An fasa tsohon daɓen an yi sabo mai gangara da 'yar kwata da ke kai ruwa nesa, an ƙara kwalbati bakin ya kai ƙugu, an liƙe tsakaninsu da siminti, an yi murfi. Muka yi wankan kulorin, ruwan mita biyu da rabi ne, na sa lita biyu na mai kashi 5. Uwargida da kanta take auna na jarka da sirinji yanzu, ita da ta ce ba za ta shayar da bilic ba.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Bayan kwana goma na cika 'yar kwalbar gwajin nan daga guga kai tsaye. Washegari da yamma ta koma baƙi ƙirin. An yi ruwa sau biyu a tsakani kuma rijiyar ba ta dame ba ko kaɗan. To daga ina?

Injiniya_Sale:
Ka sake gwadawa da kwalba biyu, ka wanke gugan da ruwan kulorin tukuna, don kada shi ne. Waɗannan kwalaben kuma wani lokaci ƙwayoyin ƙasa marasa cutarwa suna baƙanta su, don haka in da hali ka kai samfur ɗakin gwaji. In ya tabbata, to ta ƙarƙashin ƙasa abin yake zuwa. Abin da aka saba bayarwa shi ne mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, masan ya kasance ta gangare, gindinsa kuma ya fi ruwan ƙasa tsayi da aƙalla mita ɗaya da rabi. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa ya tarar da ramin. Taku talatin ɗinka bai cika mita 30 ba, amma a ƙasa mai yumɓu yakan wadatar. A tsakuwa ko dutse mai tsaga ko ninkinsa ba ya isa.

Tsohon_Mahaƙi:
Ka ce masanka yana ƙarshen gida. Bayan katangar da ke kusa da rijiyar fa, me ke wurin?

Baban_Hanifa:
Baba, yanzu na fita na leƙa. Sokawen maƙwabcina ne, wanda ya haƙa bara da rani. Daga bakin rijiyata zuwa katangar taku shida ne. Shi ne kuma mai ba ni shawarar in riƙa juye kwalba duk wata.

kwaɗon_rijiya:
Ashe mutumin ya san abin da ya shuka.

Hajiya_Uwani:
A'a, kada a ɗora masa laifin da bai sani ba. Wataƙila bai taɓa kawo wa ransa ba. Baban Hanifa, ka bi shi a hankali, maƙwabci ba abin yarwa ba ne. Ka nuna masa kwalbar da idonsa. Shi tasa rijiyar ina take?

Baban_Hanifa:
Ba shi da ita, Hajiya. A tawa suke ɗiba.

Abu_Fadila:
To ai magana ta zo da sauƙi. Injiniya, in aka kwashe sokawen aka cike ramin, wata nawa ƙasar take ɗauka kafin ta wanke kanta? Ko dai rijiyar ce za ta koma ta wanki kawai?

Injiniya_Sale:
Ya danganta da irin ƙasar da zurfin ramin. Baban Hanifa, ka tambaye shi mita nawa aka haƙa, kuma ko masu haƙar sun tarar da danshi a gindin. Kafin nan sirinjin uwargida kada ya huta.

Baban_Hanifa:
Zan same shi bayan la'asar. In ya yarda mu buɗe murfin sokawen mu zura sanda, zan turo muku abin da muka auna.